Ƙarfen da ke Maƙogwaron Kaka

Zuwa ga jikata 'Yar Zuga,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai sa ki a ido ba. Yaya karatu, yaya aikin asibiti, yaya malamanki? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Gwaggonki na nan da faɗanta, ƙafar nan tata ta yi sauƙi. Maƙera ma na nan, sai dai kwana biyu masaba hutu take sha.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. To muryar ce ta ƙi. Kin tuna dushewar da na ce miki mura ce? Ba mura ba ce. Yanzu in na buɗe baki, abin da ke fita kamar ana goga magagari a tsohon ƙarfe. In kin kira, gwaggonki ce ke ɗauka, in yi mata nuni da hannu, ita kuma ta faɗa miki abin da ta ga dama. Rannan na nuna mata ta ce miki ina kewarki, sai na ji ta ce wai na ce ki rage yawo. Shi ya sa na ga gara in rubuta da hannuna, in ba direban motar kayan nan da ke zuwa wajenku.

Ga maganar. Sun zura mini wani siririn bututu mai fitila ta hanci, sun leƙa, sun gutsuri ɗan nama sun auna. Likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, daidai inda murya ke fita, kuma ciwon daji ne. Gwaggonki yake kallo yana faɗa, sai na buga masa tebur na nuna ƙirjina, don ni ke da maƙogwaron. Daga nan ya juyo ya yi mini bayani sosai. Ya ce za a yi mini gashi da na'ura, kullum ban da ƙarshen mako, na wajen wata ɗaya da rabi. In gashin ya ci, murya za ta dawo ko da ba kamar da ba. In bai ci ba sai wuƙa. Za su cire wurin gaba ɗaya, su huda mini rami a wuya in riƙa numfashi ta nan. Rai zai saura in Allah ya so, amma ba zan ƙara kiran kowa da bakina ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji tsoro. Mutuwa ba ta firgita ni kamar ramin nan ba. Ni da in na ƙwala kira daga bakin maƙera har mai gyaran keke na ƙarshen layi sai ya waiwayo, a ce na koma yi wa mutane nuni har ƙarshen rayuwata.

Sai na tuna gashin nan shi ne abin da kike koyo. Tun da kika tafi nake gaya wa mutane jikata aikin wuta take yi irin na kakanta, sai dai tata wutar ba a ganinta. To yau ga kakan ya faɗo hannun irinku. Ki gaya mini gaskiya, yaya abin yake aiki, me ke sa ya ci, me ke sa ya ƙi? Kada ki yi mini irin maganar da ake yi wa tsofaffi. Sun ce in bar taba, na ce na ji.

Ni ne kakanki,
Maƙeri


Zuwa ga Kaka, angona mai rigima,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na gode Allah da hannun dai bai dushe ba, har yanzu rubutun nan kamar kaji sun yi dambe. Ina lafiya, karatu na tafiya. A gaishe mini da Gwaggo, a ce mata na ji saƙon rage yawo.

Na yi kuka da na karanta, ba zan ƙaryata ba. Na shiga ɗakin ajiye kaya na yi abina na fito. Amma ka ce in faɗa maka gaskiya, to gaskiyar ita ce irin naka yana cikin waɗanda gashi ke ci sosai in an yi shi yadda ya kamata. Ina ganin masu irinsa suna shigo mana ba murya, bayan watanni su dawo suna yi mana surutu har mu gaji.

Ɗakin da za a kai ka yana da kauri, ƙofarsa ma ta fi ƙofar maƙerarka nauyi. Za su yi maka wata raga ta roba daidai fuskarka, su ɗaure ta a gado don kada ka motsa. Na'urar za ta zagaya kanka tana ɗan gurnani, ba za ka ji komai ba, ba za ka ga wuta ba. Hasken da take fitarwa yana shiga ne ya yi wa ƙwayoyin ciwon rauni a can cikinsu, yadda ba za su iya hayayyafa ba. Zafin sai daga baya yake zuwa, maƙogwaro ya yi ɗaci, haɗiya ta yi wuya, fatar wuya ta yi duhu. Ka sa wannan a ranka tun yanzu.

Ka tambayi abin da ke sa ya ci ko ya ƙi. Abin da malaminmu ya fi nanatawa shi ne iska, wato oksijin da jini ke ɗaukowa daga huhu ya rarraba wa jiki. Ƙari ma nama ne, da jini da iska yake girma, har yakan janyo wa kansa sababbin jijiyoyi don ya samu. Amma da yake gaggawa yake yi, sai girmansa ya fi ƙarfin jijiyoyin, cikinsa ya rasa iska. Kusan duk rigimar gashi a kan iskar nan take. Bayanin na da tsawo, ga direba ya fara danna mini hon a bakin get, ga mara lafiya na jirana a gado. Zan ƙarasa maka a takarda ta gaba.

Kafin nan, "na ji" ɗin nan naka na taba na san shi tun ina ƙarama. Ka bar ta. Ka ci abinci ko ba ka so, kuma kada ka tsallake rana ko ɗaya.

Taka har kullum,
'Yar Zuga


Zuwa ga 'Yar Zuga,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ni da sauƙi, gwaggonki lafiya, maƙwabta na gaishe ki. Takardarki na karanta ta har ta fara yagewa a ninki, gwaggonki ta ce ko wasiƙar budurwa ce. Na nuna mata da kai cewa ita ce.

An fara. Ragar nan da kika faɗa, a ruwan zafi suka tsoma ta har ta yi laushi, suka ɗora mini a fuska, ta huce ta ɗauki siffata. Wannan ai ƙira ce, na yaba wa wanda ya ƙago ta. Yarinyar da ke kunna na'urar sa'arki ce, in ta sunkuyo tana gyara mini kafaɗa sai in ga kamar ke. Takan ce, "Baba, kada ka haɗiyi yawu yanzu," ni kuwa a lokacin ne yawun ke taruwa.

Yanzu ga abin da na tsinta a takardarki, kuma ba sai kin wahalar da kanki da ƙarasa bayani ba, na gane. Kin ce da iska yake girma, kuma cikinsa ya riga ya fara rasa ta. To ai magana ta ƙare. Tun kafin a haifi ubanki nake kashe wuta kowace yamma. Ba ruwa nake zuba mata ba, ruwa ɓata gawayi yake. Murfin ƙarfe nake kifa mata, in toshe bakin zuga, ta shaƙe ta mutu don kanta. Sai na ce su likita su gasa shi ta waje, ni in shaƙe shi ta ciki, mu haɗu a tsakiya.

Na rufe tagar ɗakina, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. In na dawo daga asibiti sai in hura gawayi a kasko in shigar ɗaki, in zauna kusa da shi har la'asar. Taba kuwa, wallahi na yi niyyar bari, sai na lura ai hayaƙinta ta kansa yake bi. Na ce to bari ya sha ya ƙoshi, na ƙara a kan yadda na saba. Gwaggonki ta zaci sanyi nake ji, har bargo ta ƙaro mini. Likita ban gaya masa ba tukuna, na fi so ya ga abin ya motse da wuri ya tambaye ni sirrin.

Kai na ɗan sara mini, in na miƙe sai jiri ya kwashe ni, ina ganin alama ce aikin na ci. Kuma kada ki damu, ɗan abin nan da suke maƙala wa mutum a yatsa kullum yana nuna iskata lafiya lau. Kin ga ke nan ni ban rasa ba, shi ne yake shan wuya.

Rabona da jin ƙarfin zuciya irin na kwanakin nan tun ranar da likita ya yi maganar wuƙa. Zama a yi wa mutum aiki yana kwance ba halina ba ne. Yanzu ni ma da hannuna a ciki, kuma ke kika ba ni dabarar.

Kakanki


Kaka,

Ina gaisuwa, ina fatan takardar nan ta same ka da taga a buɗe. Ni lafiyata lau, hankalina ne ba ya jikina.

Takardarka ta yi kwanaki a aljihun direba, motarsa ce ta lalace a hanya. Duk kwanakin nan ina kiran Gwaggo tana ce mini kana ɗaki kana hutawa, ni kuma ina cewa madalla. Ban kai ƙarshen takardar ba na kira ta na ce ta fitar da kaskon nan yanzu-yanzu, ta buɗe taga, ta zare tsumman. Na san ka ji haushi na kai ƙararka. Ka ji.

Kaka, gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake yi. Yana fitar da wata guba da ba ta da wari, irinta ce kuma a hayaƙin taba. In ta shiga jini sai ta haye wurin da oksijin ke zama ta ƙi sauka, jini ya yi ta zagayawa ba kaya. Ciwon kan nan da jirin nan gubar ce. Abin yatsa kuwa ba ya iya bambanta ta da iskar kirki, duk ɗaya yake ƙirga su, shi ya sa yake yi maka albishir ɗin ƙarya. Da ka yi barci a gaban kaskon nan, da Gwaggo ta tura ƙofa ta tarar da abin da ba na son rubutawa.

Ga ragowar bayanin da ka ce ba sai na ƙarasa ba. Ciwon nan ba ya mutuwa don ya rasa iska. Laɓewa yake yi, ya ƙara taurin kai. Hasken na'ura yana yi wa ƙwayar ciwo rauni, amma ƙwayar ta iya ɗinke rauninta. Oksijin ne ke zuwa ya manne a bakin raunin ya hana shi ɗinkuwa, sai ƙwayar ta mutu. Inda babu shi, ƙwayar kan jure hasken da ya kusa ninka uku kafin ta ji a jikinta. A taƙaice, gashi ba ya cin wurin da ba iska. Abin da muke fama da shi ke nan kullum a nan, ana duba jinin mara lafiya kada ya yi ƙasa, ana roƙonsa ya bar taba, duk don iska ta isa inda ake so. Kai kuma ka zauna kana toshe ta da hannunka. Duk zaman da ka yi gaban kaskon nan, da duk karan tabar da ka ƙara, ciwon ka yi wa aiki.

Da na san rabin bayani zai kai ka nan, da na bar direba ya yi ta hon har ya gaji. Na ce wa Gwaggo ta gaya wa likitanka komai, kada ta rage. Kada ka harare ta, ni na sa ta.

Raina a ɓace yake, Kaka, kuma tsoro ne ya ɓata shi.

Jikarka


'Yata,

Ina gaishe ki, ya karatu. Ni gwaggonki ce. Kin san ni da rubutu ba ma shiri, amma a waya ba na iya sakewa in gaya miki, don Baba na zaune yana kasa kunne. Murya ce ta tafi, kunnen nan garau yake.

Na yi duk abin da kika ce. Kasko na waje, taga a buɗe, har na sa dutse na tokare ta. Na gaya wa likita, ya riƙe baki, ya sa aka ɗibi jini. Ya ce jinin ya ɗan yi ƙasa, ya rubuta magani, da wani na kurkure baki saboda zafin haɗiya. Bai yi wa Baba faɗa ba, ni ce na yi.

Matsalar daga takardarki ta taso. Ya karanta ta a bakin maƙera, ya sake karantawa, ya ninke ta ya danna a ƙarƙashin uwar maƙera. Washegari na shirya na tsayar da mai mota, na leƙa na ce Baba mu tafi, sai na gan shi zaune ko hula bai sa ba. Na ce lafiya? Sai ya ɗauki guntun gawayi ya rubuta mini a ƙasa: "Ita ta ce gashi ba ya cin inda ba iska. Na ɓata aikin da hannuna. Me zan je yi?" Na ce ba haka take nufi ba. Ya ƙara rubutawa: "Ba na ƙona gawayi a kan ƙarfen da ya lalace." Ya sa ƙafa ya goge.

Yau kwanaki ke nan bai je ba. Daga asibiti sun kira, yarinyar nan mai na'ura da kanta ta ce a gaya wa Baba ragarsa na nan a rataye tana jiransa. Ko kallona bai yi ba. Abinci sai in yi da gaske yake shan cokali kaɗan. Tabar ya rage, amma ba don ya ji magana ba, maƙogwaron ne ya hana shi.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, duk a banza. Ba zuciya yake yi da ke ba, kunya ce ta kama shi. Mutumin da duk unguwa ke kawo wa abin da ya gagara gyara, yau ya ga ya cuci kansa da wayonsa. Jiya na same shi yana shafa zugazugin nan da kike ja kina ƙarama.

Ke kika iya da shi, ni na gaji. Ki rubuto da wuri, kuma don Allah wannan karon ki sassauta hannu.

Gwaggonki


Zuwa ga Kaka, malamina na farko,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da maƙogwaro, ina gaishe da taurin kai. Na ɗauki hoton takardar nan na tura wa Gwaggo a waya don kada ta kwana a hanya. Ka karɓi wayar ka karanta da idonka, kada ka bari ta karanta maka, ka san ta da ƙari.

Na ji abin da ka rubuta a ƙasa. Layi ɗaya ka ɗauka a takardata ka bar sauran, kamar yadda ka yi da ta farko. To yau ba direban da ke jirana, ka zauna ka ji har ƙarshe.

Ka tuna ranar da aka kawo maka wani ƙaton ƙarfen mota a ce ka fitar da gatari? Ina ƙarama, ni ke zuga. Na ga bayansa ya yi ja na ce ya yi, ka ce cikinsa da sauransa. Ka fitar ka buga, bayan ya ba da kai, cikin ya ƙi, ka mayar wuta. Na gaji na saki zuga, wutar ta yi lakwas, ka daka mini tsawa har mai shagon kusa ya leƙo: "Zuga, 'Yar Zuga! Gawayi ba ya cin ƙarfe sai da iska!" Daga ranar sunan ya bi ni. Muka yi ta yi, a mayar a fitar, har yamma. Na tambaye ka me ya sa ba za a bar shi a wuta sau ɗaya a huta ba, ka ce ƙarfe mai kauri ba a gama shi a wuta ɗaya.

Kaka, kuskurenka ɗaya ne. Ka ɗauka ciwon nan wuta ne, shi ya sa ka kifa masa murfi. Ba wuta ba ne, shi ne ƙarfen. Wutar tana hannun yarinyar nan mai na'ura. Kai aikinka zuga.

Kuma ga dalilin da ya sa ake raba gashin kullum kaɗan-kaɗan. Na yau yana kashe ƙwayoyin da ke baya-baya, waɗanda ke kusa da jini suna samun iska. In sun mutu sun daina shanye ta, sai iska ta samu hanya ta ƙara shiga ciki, ta kai ga waɗanda suka laɓe. Gobe in an kunna, su ne a fili. Haka ake bin sa har tsakiya. Wurin da ba iska jiya yana iya samu gobe. Gubar hayaƙin nan ma ba zama take yi a jini ba, in an daina shaƙa tana fita cikin kwana ɗaya ko biyu. Aikin bai lalace ba, baya ya koma.

Abin da zai lalata shi shi ne zaman nan da kake yi. Duk ranar da ka tsallake, ƙwayoyin da suka saura hayayyafa suke yi, kuma a tsakiyar gashi sun fi sauri. Kai ka san abin da ke faruwa in an fitar da ƙarfe an tsaya hira. Na yi magana da malaminmu ban faɗi sunanka ba, ya ce likitanka na da hanyar cike kwanakin da aka rasa in ka koma da wuri, amma da wurin nan yana nufin gobe.

Ba zan ce maka lalle zai ci ba, ka hana ni yi maka maganar tsofaffi. Abin da na sani shi ne in ka koma, ka bar taba, ka ci abinci jini ya samu, kana da rabo mai kyau. In ka zauna, wuƙa ce.

Tun da na zo garin nan ba wanda ya kira ni 'Yar Zuga da baki. A nan sunan takarda suke kirana. Ina so in sake jin sa daga wurin mai shi, ko da tsawa ce. Na ja maka zuga ina ƙarama hannuna na ciwo ban gudu ba. Yanzu layinka ne.

'Yar Zuga


'Yar Zuga,

Gaisuwa. Jiki ba daɗi, amma ina tsaye. Gwaggonki na gaishe ki.

Kin ci ni. Na karanta a wayar har fitilarta ta mutu, gwaggonki ta taɓa ta ta dawo, na sake karantawa. A ce ni da na tsufa a bakin wuta in kasa gane wanne ne ƙarfe. Washegari ita ta fito ta tarar da ni a bakin ƙofa da hulata.

Yarinyar mai na'ura da ta gan ni ta ce, "Baba, ka yi mana yaji." Likita ya lissafa, ya ce wasu ranakun za a yi mini sau biyu, safe da yamma, don a cike. Na ɗaga masa babban yatsa.

Taba na zuba ta a ramin wuta na ja zuga da kaina. Ba zan yi miki ƙarya ba, rabuwa da ita ya fi gashin wuya. Hannuna yakan tafi aljihu shi kaɗai. In abin ya taso sai in ɗauki awartaki in matse har ya wuce, ko in taka zuwa ƙarshen layi in dawo. Haɗiya kuwa kamar garwashi, amma in gwaggonki ta kawo kwano nakan ce wannan gawayin zuga ne, in rufe ido in shanye. Wuyana ya yi baƙi yana saɓa.

Shekaranjiya na kama wani mai irin ciwona a bayan katangar asibiti yana zuƙa a ɓoye. Na fizge na taka. Ya buɗe baki zai zage ni, shi ma ba murya. Muka tsaya muna zagin juna da hannu har dariya ta kama mu. Na ba shi takardarki ta ƙarshe, wadda direba ya kawo daga baya, ya karanta, yanzu tare muke zama a benci.

Kada ki ji shiru ki damu. Ƙarfina duka na tara shi wuri ɗaya.

Kakanki


Zuwa ga jikata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kuma jarrabawar da gwaggonki ta ce kin shiga ta zo da sauƙi. Ki yafe mini dogon shiru. Ƙarshen gashin ya kwantar da ni, sai da aka ƙara mini ruwa, alƙalami ma nauyi yake mini. Amma ban tsallake ko ɗaya ba, ranar da ƙafa ta ƙi a keken marasa lafiya aka tura ni. Da aka gama suka ce in ina son ragar in tafi da ita. Tana nan rataye a maƙera kusa da zugazuginki, masu kawo gyara sai su yi ta kallonta suna kallona.

Bayan nan aka ce in je gida in jira maƙogwaro ya huce, kuma kada in matsa wa murya. Jiran nan ya fi komai tsawo. Abokina na benci nasa bai ja da baya yadda ake so ba, an sa masa ranar aiki. Na je na zauna da shi. Ki sa shi a addu'a.

Jiya aka sake zura mini bututun nan mai fitila. Likita ya daɗe yana kallo. Sai ya juyo da allon da hoton maƙogwaron ke fitowa ya nuna mini, ya ce inda ƙarin yake yanzu ba ya ganin komai sai kumburin gashi. Ya ce ba a shelar an gama, zan yi ta zuwa ana dubawa shekaru, kuma in na koma wa taba kada in gaishe shi a hanya. Maganar wuƙa dai ya ce a ajiye ta.

Da muka dawo na shiga maƙera ni kaɗai na gwada. Abin da ya fito ba kyau, magagarin nan ne dai, sai dai yanzu yana cin ƙarfe. Gwaggonki na tsakar gida ta saki kwano.

Kada ki amsa wannan da takarda. Direba ya ce da hantsi zai miƙa miki ita. Da la'asar ki nemi wuri mara hayaniya, ki riƙe wayarki a hannu, kuma in kin ga lambar gwaggonki kada ki yi sallama da sunanta. Likita ya ce in fara da kaɗan, kalma ɗaya ko biyu, kada in yi tsawa. Biyun na riga na zaɓe su. Maganar tsawa kuwa ban yi masa alkawari ba.

Ni ne kakanki,
Mai zuga